Shafin kasuwanci mai harshe huɗu: domen guda ko kowace ƙasa da nata?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu gina shafuka da masu harkar Google ce. A ce kamfani ne a Kano yana sayar da jakunkuna da takalman fata. Masu saye suna Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, da 'yan kaɗan a Sudan. Ana son shafin ya kasance da Hausa, Turanci, Faransanci da Larabci. Shawara uku aka kawo. Ta farko a sayi domen, wato sunan adireshin shafi, na kowace ƙasa: .com.ng, .ne, .cm, .td. Ta biyu a sayi .com guda a yi masa rassa, wato fr.sunanka.com da ha.sunanka.com. Ta uku a bar komai cikin folda: sunanka.com/fr/ da sunanka.com/ha/. Wacce Google zai fi fito da ita, kuma wacce ba za ta cinye jari ba?

Injiniya Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ta ukun za a ɗauka, ga dalili.

Babban abin da ke ɗaga shafi a Google, bayan ingancin abin da aka rubuta, shi ne mahaɗan da wasu shafuka suke yi zuwa gare shi. Jarida ta ambace ka ta sa mahaɗi, ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa ka a jerinta, mai rubutu kan kayan fata ya nuna ka. Idan domen ɗinka guda ne, duk wannan daraja wuri ɗaya take taruwa, ɓangaren Faransanci da aka buɗe jiya ma yana cin albarkacin na Turanci da ya shekara uku. Idan ka raba huɗu, kowane domen daga sifili zai fara, sai an nema masa nasa mahaɗan. Kamar mai shago huɗu ne da yaron shago ɗaya.

Sai ɗawainiya. Domen huɗu na nufin sabunta rajista huɗu a shekara, takardar tsaro ta SSL huɗu, sau da yawa WordPress (manhajar gina shafi) huɗu da kowanne sai an sabunta filogin ɗinsa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa. Farashin jaka ya canza, wuri huɗu za a gyara. Wanda aka manta shi ne zai jawo rigima da mai saye.

Baba Mai Saba:
Injiniya na ji bayaninka, amma ka rage wa domen na ƙasa daraja fiye da kima. Google da kansa ya rubuta a takardunsa cewa domen na ƙasa alama ce mai ƙarfi da ke nuna shafi na mutanen wannan ƙasar ne. Dubi Jumia, a Najeriya jumia.com.ng take, a Kwaddibuwa jumia.ci. Amazon ma haka, amazon.fr daban, amazon.de daban. Waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne? Kuma .com.ng da naira ake biya ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen .ng, ta amince da su, ba ruwanka da neman katin dala ko tashin canji. Shi .com kuɗin da Verisign, kamfanin da ke riƙe da rajistarsa, ke karɓa daga dillalai kaɗai ya haura dala 10 tun 2024, kafin dillali ya ɗora nasa.

Injiniya Zariya:
Baba, sun san abin da suke yi mana. Amma Jumia da Amazon a kowace ƙasa suna da rumbun kaya daban, ma'aikata daban, dokar haraji daban, har kayan da ke kan shafin ba iri ɗaya ba ne. Kamfanoni ne da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan da ake tambaya kaya ɗaya ne daga rumbu ɗaya a Kano, harshe ne kawai ya bambanta. Misalin da ya fi kama da shi shi ne Apple da ke amfani da apple.com/fr/, ko gidajen rediyon da muka sani: bbc.com/hausa, dw.com/ha, rfi.fr/ha.

Kuma ƙarfin da ka ambata kaifi biyu gare shi. Yadda .com.ng ke cewa "ni na Najeriya ne", haka yake rage maka ƙarfi wurin mai bincike daga Garwa ko Damagaram. Ba ka da maɓallin da za ka danna ka ce wa Google foldar /fr/ ta kan .com.ng ta Nijar ce. Sashen da ake zaɓen ƙasa a Search Console (allon da Google ke ba masu shafi don ganin yadda shafinsu ke fitowa a bincike) ma an cire shi tun Satumban 2022, kuma ko lokacin da yake nan ba ya aiki kan domen na ƙasa.

Malama Mai Fassara:
Akwai abin da ya kamata a raba tun farko, don a nan mutane ke rikicewa: harshe daban, ƙasa daban. Domen na ƙasa ƙasa yake nunawa, ba harshe ba. Bahaushen Maraɗi yana iya bincike da Hausa ko da Faransanci. Ɗan Kamaru na iya zama mai Faransanci, mai Turanci ko mai Hausa. Chadi Faransanci da Larabci. To in aka ce kowace ƙasa da domen ɗinta, a cikin kowanne sai an sake raba harsuna, shafuka huɗu sun zama wajen goma. Tsarin wannan kamfani na harshe ne, don haka a raba da harshe.

Ɗan Kwari:
Na gamsu da wannan, Malama. To rassan fa, irin ha.sunanka.com? Wikipedia ai haka take yi.

Baba Mai Saba:
Shi ma yana aiki, Google ya sha cewa ba ya fifita folda a kan reshe. Amfaninsa a ɓangaren saba yake, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta: kana iya ajiye reshen Larabci a wata manhaja ko wata saba daban ba tare da ka taɓa sauran ba. In ba ka da wannan buƙatar, wahala ce kawai ka ƙara wa kanka, sai ka nemi takardar SSL mai rufe dukkan rassa, sai ka kula da rijistar DNS ta kowanne, wato bayanin da ke haɗa sunan da sabarsa. A nan dai na bi Injiniya, tsakanin reshe da folda, folda ta fi wa ƙaramin kamfani sauƙi. Wanda za a guje wa ɗungurungum shi ne sunanka.com/?lang=fr, Google ya faɗa ƙarara ba ya ba da shawararsa. Mafi muni kuma shafin da adireshinsa ba ya canzawa sam, sai kuki (ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza) ko JavaScript ya sauya rubutun. Wannan harshe ɗaya kawai Google zai gani, sauran ukun kamar ba a rubuta su ba.

Amma ina nan kan bakata game da .com.ng: a saye shi ko da ba za a gina komai a kai ba, a tura shi da 301, wato turawa ta dindindin, zuwa .com ɗin. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da ranar da wani zai riga ka ya buɗe shafin bogi da sunanka yana karɓar kuɗin mutane.

Injiniya Zariya:
Wannan kam gaskiya ce, Baba.

Bari in shiga hreflang, don ko an zaɓi folda, in an ɓata wannan sai Google ya riƙa nuna wa ɗan Yamai shafin Turanci. Alama ce da Google ya fito da ita a 2011, tana cewa "wannan shafin yana da 'yan'uwa a wasu harsuna, ga adireshinsu". A saman lambar tushen kowane shafi, cikin sashen da ake kira head, ake sa ta. Misali shafin wata jaka:

<link rel="alternate" hreflang="ha" href="https://sunanka.com/ha/jakar-fata/" />
<link rel="alternate" hreflang="en" href="https://sunanka.com/en/leather-bag/" />
<link rel="alternate" hreflang="fr" href="https://sunanka.com/fr/sac-en-cuir/" />
<link rel="alternate" hreflang="ar" href="https://sunanka.com/ar/haqiba/" />
<link rel="alternate" hreflang="x-default" href="https://sunanka.com/en/leather-bag/" />

Waɗannan layuka biyar, su ɗin dai, za a sa a dukkan shafuka huɗun. Kowane shafi sai ya ambaci kansa ya ambaci 'yan'uwansa. In na Hausa ya nuna na Faransanci amma na Faransanci bai nuna na Hausa ba, Google na iya watsar da alamar, don ta haka yake tabbatar da cewa ba wani ne can ya laƙa kansa a jikin shafinka ba. Adireshin ya zama cikakke da https ɗinsa, kuma ya zama wanda ke buɗewa kai tsaye da lamba 200, ba wanda ke turawa wani wuri ko ya ba da 404 (babu shafin) ba. Shi x-default na wanda harshensa ba ya cikin jerin ne, kamar Bajamushe ko Baturke.

Kuma shafi da shafi ake haɗawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kowane shafin kaya ya nuna shafin farko na ɗaya harshen. Jaka da jaka, takalmi da takalmi. Kayan da ba a fassara ba tukuna, a bar shi ba tare da layin wannan harshen ba.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya, ƙara musu da wannan, don mu na Nijar ya fi shafa. Lambar farko ta harshe ce, ta biyu in akwai ta ƙasa ce, kuma ba a sa ta ƙasa ita kaɗai. Wanda ya rubuta hreflang="ne" yana nufin Nijar, abin da ya faɗa wa Google shi ne shafinsa da harshen Nefal yake. Wanda ya rubuta "ng" yana nufin Najeriya, harshen Ndonga na Namibiya ya ambata. Daidai shi ne ha-NE, fr-NE, ha-NG, en-NG, fr-CM, ar-TD, ar-SD. Ingila kuma en-GB ce, ba en-UK ba.

Shawarata ma kada a sa lambar ƙasa in ba dole. "fr" kawai ya ɗauki Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, har Faransa. Da ka rubuta fr-NE kaɗai ka taƙaita kanka.

Ɗan Kwari:
To yaushe ya zama dole, ɗan'uwa?

Ɗan Maraɗi:
Idan abin da ke cikin shafin ya bambanta da gaske. Babban misali kuɗi. Sefar Nijar XOF ce, ta Kamaru da Chadi XAF. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma bankunansu daban, takardunsu daban, hanyar biya daban, kuɗin aike daban. In har kamfanin zai rubuta farashi da hanyar biya da ranar isar kaya na musamman ga kowace ƙasa, sai a yi /fr-ne/ da /fr-cm/, a bar "fr" tsura ga sauran. In kuwa bayanin ɗaya ne, alamar kuɗi ce kawai ke sauyawa, a sa maɓallin zaɓen kuɗi a shafi guda, a huta. Shafuka biyu masu rubutu iri ɗaya sak, Google kan ɗauki ɗaya a matsayin asali ya ajiye ɗayan, sai ka ga rahoton Search Console ya rikice maka.

A shafin Hausa kuma a rubuta farashi da lamba da sunan kuɗin a fili. Jika a bakin ɗan Nijar sefa 1,000 ce, jaka a Kano naira 200. Kada a bar mai saye yana lissafi da kansa.

Malama Mai Fassara:
Tunda an zo kan abin da ke cikin shafin, a nan aikin yake, ba a domen ba. Google ba ya duba lang="ha" da aka sa a lambar shafi don gane harshe, rubutun da ido ke gani yake karantawa. Don haka in aka fassara jerin maɓallan sama da na ƙasa zuwa Hausa amma bayanin kayan yana nan da Turanci, a wurinsa shafin Turanci ne, ya zama kwafin wancan. A sa lang ɗin duk da haka, manhajojin da ke karanta wa makafi da burauza suna amfani da shi, Larabci kuma sai an haɗa masa da dir="rtl" in ba haka ba lambobi da alamomin rubutu su hargitse.

Abubuwan da ake mantawa ba a fassara ba: taken shafi da ke fitowa a Google (a tsaya wajen haruffa 60 kada a yanke shi), taƙaitaccen bayanin ƙasansa (wajen 155), bayanin hotuna, saƙon kuskure a fom, shafin biyan kuɗi, da imel ɗin da ke zuwa bayan saye. Mutum ya bi ka da Faransanci har ƙofar biya sai ya ga Turanci, nan yake juyawa.

Fassarar inji kuma, a yi amfani da ita a matsayin zubin farko, amma lallai mai harshen ya bi ta layi-layi. A Maris 2024 Google ya faɗaɗa dokarsa kan tara shafuka masu yawa marasa amfani don yaudarar bincike, kuma ya ambaci fassarar inji da ba ta ƙara wa mai karatu komai ba a cikin misalan. Ko babu hukunci ma, Hausar inji kan kayan sana'a abin dariya ce, ba ta raba ƙirgi da jemammiyar fata. Ya fi kyau a fassara kaya 30 da suka fi tafiya da kyau, da a zuba 500 da ba wanda zai gane.

Baba Mai Saba:
Ga wani tarkon da masu gina shafi ke ɗauka gwaninta ce: a duba IP ɗin mai ziyara, wato lambar da ke nuna daga inda ya shigo, a jefa shi harshen da ake zato. Googlebot, manhajar Google mai zagaya shafuka tana karanta su, galibi daga Amurka yake shigowa, kuma ba ya aiko da bayanin harshen da yake so. In kana jefa duk ɗan Amurka /en/, to kana iya hana shi ganin /ha/ da /fr/ gaba ɗaya. Ga mutane ma ba daidai yake faɗawa ba: ɗan Nijar da ke Jibiya da layin Najeriya, ko Bakano da ke Jidda. A sa ɗan ƙaramin saƙo a sama, "Akwai wannan shafin da Hausa", ya danna in yana so. Maɓallin sauya harshe ya zama mahaɗi na gaske mai href, kuma ya kai mutum shafin da yake kai a ɗaya harshen, ba ya mai da shi farko ba.

Tuta kuma a bar ta. Tutar wace ƙasa za ka sa wa Hausa? A rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa: Hausa, English, Français, العربية.

Injiniya Zariya:
Sai kanonikal, alamar da ke faɗa wa Google wanne adireshi ne asalin shafi, wanda ke kashe shafuka shiru ba a sani ba. Kowane shafi kanonikal ɗinsa kansa zai nuna. Na /ha/ ya nuna /ha/. Idan filogin ya sa dukkansu suna nuna na Turanci, ka ce wa Google da bakinka sauran ukun kwafi ne, kada ya sa su a rumbunsa. Hanyar dubawa: buɗe shafin, duba lambar tushensa, nemo rel="canonical". Ko a manna adireshin a akwatin binciken URL na Search Console a ga wanda Google ya zaɓa da kansa. A WordPress, filogin Polylang da WPML suna sa hreflang da kansu, amma sai ka haɗa kowace fassara da asalinta a cikin allon gudanarwa. Shopify Markets ma yana yin foldojin da alamar. Kada dai a bar filogin biyu suna fitar da hreflang a lokaci guda. In shafukan sun yi yawa, ana iya sa alamar a taswirar shafi ta XML (fayil mai jera dukkan adireshin shafin) maimakon head, fayil ɗaya na ɗaukar adireshi 50,000. Hanya ɗaya za a zaɓa, ba duka biyun ba, don in suka saɓa ba ka san wacce za a bi ba.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara basira. Saura haruffanmu masu lanƙwasa. A sa su a adireshi ko a'a? Kuma mutane ai ba sa rubuta su in suna bincike.

Malama Mai Fassara:
A cikin rubutu a sa su daidai, ɓ, ɗ, ƙ, da UTF-8, kuma a gwada font ɗin a ƙaramar wayar Android, don wasu font ba su da su, sai harafin ya fito da wani salo daban ko akwati. A adireshi kuwa a bar su. Google zai iya karanta su, amma da an kwafi mahaɗin zuwa WhatsApp sai ƙ ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, mahaɗin ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara. A sunan domen abin ya fi muni, yana komawa wani abu mai farawa da xn--, kuma ba ka iya faɗar sa a rediyo mutum ya rubuta daidai.

Batun bincike, kada a yi zato. Bayan wata biyu ko uku a buɗe rahoton aiki na Search Console, a tace shafukan da ke da /ha/, a tace da ƙasa, a ga ainihin abin da mutane suka rubuta. Za a tarar da yawan masu Hausa suna gauraya ne, sunan kaya da Turanci ko Faransanci, sauran jimlar da Hausa. Kalmomin da suka fito nan su za a saka a take da bayani, ba waɗanda aka fassaro daga jerin Turanci ba. A tuna kuma rubutun Nijar na amfani da ƴ inda na Najeriya ke sa 'y. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Baba Mai Saba:
Kafin a rufe, maganar mallaka, don ta fi duk abin da muka faɗa jawo asara. Domen da sunan kamfani da imel ɗin kamfani za a yi masa rajista, ba na yaron da ya gina shafin ba. Mai kamfani ya riƙe kalmar sirrin asusun dillali, ya kunna sabuntawa ta atomatik, ya sa tabbatarwa mai mataki biyu. Idan .com ya mutu ya wuce kwanakin alfarma, yana shiga wa'adin fansa na kwana 30 da ake biyan kuɗi mai yawa kafin a dawo da shi, bayan nan kowa na iya saya. Sabon domen kuma ba a iya mai da shi wani dillali sai ya cika kwana 60.

Wurin da saba take ba shi da nauyi sosai a wurin Google yanzu, saurin buɗewa ne ke da shi. A sa Cloudflare, masu ajiye kwafin shafi kusa da mai ziyara, a gaba, suna da cibiya a Legas, a mai da hotuna WebP, a nemi babban hoton shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5 a waya, don sigar waya Google ke dubawa.

Ɗan Maraɗi:
Tambaya ɗaya da Alhaji bai yi ba: in kamfanin ya riga yana kan .com.ng shekara da shekaru fa, a tashi?

Injiniya Zariya:
In mafi yawan cinikin Najeriya ne, a zauna, a ƙara /ha/ da /fr/ a kansa, hreflang zai yi aikinsa ko a kan domen na ƙasa. In kuwa kasuwar waje ce ake son ta zama babba, a tashi, amma da tsari. A jera duk tsofaffin adireshi a takarda ɗaya, kowanne da sabon da ya dace da shi, a tura da 301 ɗaya bayan ɗaya, ba a kwashe duka a zuba shafin farko ba. A tabbatar da domen biyun a Search Console, a yi amfani da kayan sauya adireshi da ke ciki, a aika sabuwar taswira. Turawar ta zauna aƙalla shekara guda, tsohon domen kuma a ci gaba da biyan kuɗinsa. Kada a haɗa ƙaura da sauya fasalin shafi da ƙara harsuna a mako ɗaya, in ziyara ta faɗi ba za a san wanne ya jawo ba. Za a ga hawa da sauka na wasu makonni, don haka ba a yin ta gab da azumi ko Sallah lokacin da ciniki ke tashi.

Baba Mai Saba:
Kuma a duba rijistar MX, mai nuna inda imel ke sauka, kafin a taɓa DNS, don imel ɗin kamfani a kan tsohon domen yake. A kwafe su a ajiye, a rage TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon bayanin DNS, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya kafin ranar.